Na Cire Loveth Daga Makaranta

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Na cire Loveth daga makaranta yau. Da hannuna na jawo ta daga layi, ko jakarta ba mu ɗauko ba. Takalminta ɗaya ma sai ƙawarta Tahira ce ta biyo mu da shi har bakin rijiya.

Ba zan rubuta abin da na faɗa wa Malama Halima ba. Wanda yake wurin ya ji, kuma kowa yana wurin.

'Yata ta sha rubutu. Jiya na ga baƙi-baƙi a gefen bakinta, na matsa mata, ta ce rubutu ne, a makaranta ta sha. Yarinyar da aka yi wa baftisma bara, 'yar aji shida, saura wata guda ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Wa zai ba ta in ba malamar ajinsu ba? Kowace uwa a ekklisiyar nan abin da za ta yi ke nan. Kowace uwa.

Sai da na zo wanke hannu na ga zare shuɗi maƙale a farcena.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Baban Loveth bai ce min kanzil ba. Ya ci ɗumamensa, ya ɗaura wa jaki mangala zai kai taki gona. Da ma faɗa ya yi. Lazarus in ya yi irin shirun nan, gidan matse ni yake yi.

Da zai fita ya tsaya ya ce, "Kin dai san shanun Malam Sabiru ne suke mana huɗa." Malam Sabiru mijin Malama ke nan, uban Tahira, gonarmu da tasu iyaka ɗaya. Na ce to shanu za mu bauta wa ko Ubangiji? Ya dube ni, ya kaɗa jakinsa. Amsar ta yi min daɗi a baki lokacin da na faɗe ta. Yanzu ba ta yi min.

Juma'a, 16 ga Mayu, da azahar

Mun fara karatu a gida. Ni ma ai na yi boko har aji huɗu na sakandare kafin aure, ba za a ce aji shida na firamare ya gagare ni ba.

Na cire tsohon ƙyauren ɗakin girki, na fasa mataccen batir na goga masa baƙin, ya zama allo. Na jingina shi a gindin darbejiya. Tsarina: addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki, lissafi, Turanci. Na yi addu'a doguwa, na roƙi Ubangiji ya kewaye gidan nan da wuta, ya tsare min 'ya daga masu son juya mata kai. Da na buɗe ido Loveth ba ta ce amin ba. Na ce ba ki ji ba ne? Ta ce, "Amin, Mama," tana kallon tabarma.

Surukina Baba Shago ya jawo kujerarsa kusa, wai shi ma ya shiga aji ɗaya. Tsohon nan har yau bai taɓa taka majami'a ba, yana nan da jan zakaransa da al'adun iyayensa, amma ba abin da yake wuce shi a gidan nan.

Karatu ya tafi daidai. Ta iya karatu, wannan kam ba ni na koya mata ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma

An yi min tafi a sujada.

Wani fasto ya zo mana daga Kano. Mai Bishara Ɗanliti ya ba shi labari, sai aka ce in tashi in ba da shaida. Na tashi. Ni da ma in na riƙe makirufo bakina gaba yake yi ya bar ni a baya. Na ce ɗura mata aka yi. Ɗura. Ban san daga ina kalmar ta fito ba, Loveth dai ba ta ce min haka ba, amma da na ji mata sun ɗauki salallami sai na sake faɗa. Na ɗaga hannu a gaban bagade na ce muddin ina numfashi ƙafarta ba za ta sake taka makarantar nan ba.

Faston ya ce abin da nake yi yana da suna, makarantar gida. Ya ce har a ƙasashen waje masu bi suna koyar da 'ya'yansu da kansu don su tashi cikin tsoron Ubangiji. Ya kira ni jaruma. Ya ba ni kwalin alli da gorar ruwa da ya yi wa addu'a, a ba yarinyar ta sha.

Ban ba da labarin ƙarshen abin da ya faru ranar Talata ba. Ba wanda ya tambaya.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Ɗalibaina sun zama huɗu. Hure, wadda muke jan waƙa tare a Zumuntar Mata, ta kawo 'yarta Rahila, ajinsu ɗaya da Loveth. Ta ce, "Yaya Dokas, kin buɗe mana ido. Ga ta nan, amana." Wasu gidaje biyu suka turo ƙanana.

Na tsiyaya wa Loveth ruwan fasto a kofi. Baba Shago ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wancan baƙi, wannan fari, cikin dai ɗaya ne." Na ce Baba, ba ɗaya ba ne. Ya ce, "Mijinki da ya yi ƙyanda ya sha na malam kwarya guda, na kuma ba shi namu na gida. Ga shi nan yana muku dattijon ekklisiya." Da wani ne ba suruki ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na haɗiye.

Ba ɗaya ba ne. Na san ba ɗaya ba ne. Na miƙa mata kofin.

Alhamis, 22 ga Mayu, da azahar

Lissafin nan mai lamba a sama lamba a ƙasa ya kunyata ni a gaban yara. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, gumi har cikin ido. Na ce musu mu tsaya mu yi waƙa tukuna. Mun yi waƙa uku. Allon yana nan yadda na bar shi.

Na roƙi hikima a zuciyata kamar yadda aka koya mana. Abin da ya zo shi ne Rahila, ta ɗaga hannu a hankali ta ce ko ta gwada. Ta yi shi tsaf, ta ce, "Haka Malama Halima take yi, sai an daidaita na ƙasa tukuna." Sai ta rufe baki da hannu kamar ta yi ashar.

Loveth ta tashi ta shiga ɗaki ba tare da ta nemi izini ba. Ban kira ta ba.

Asabar, 24 ga Mayu, da asuba

Ruwa ya sauka, mai yawa. Yau shuka, ba allo.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Muna gayaunata ni da Loveth, ina sara tana zuba iri, ta faɗa min wata magana.

Zan rubuta. In ban rubuta a nan ba, a ina?

Ita ta roƙa. Kawun Tahira ne ya yi wa Tahira rubutu saboda jarrabawa, ta zo da shi a 'yar kwalba, Loveth ta bi ta har bayan aji tana magiya a sam mata, wai tsoron lissafi take ji. Malama ba ta sani ba. Ba ta ma shigo makaranta ba a lokacin.

Na ce don me ba ki faɗa min ba? Ta ce, "Na fara faɗa, Mama. Ba ki tsaya kin ji ƙarshe ba." Na ce ranar Lahadi fa? Ta ce, "Ana ta tafi."

Na ɗaga hannu zan mare ta, na rasa laifin da zan mare ta a kai. Muka ƙarasa layin. Ramukan da na sara bayan nan duk a karkace suke, gero zai fito ya nuna.

Laraba, 28 ga Mayu, da hantsi

Ba makaranta yau. Na ce musu kaina ke ciwo.

Alhamis, 29 ga Mayu, da azahar

Muna haddar Dokoki Goma. Daga ta takwas na tsallaka ta goma. Ƙaramin cikinsu ya ƙirga a yatsa ya ce saura ɗaya. Na ce gobe. Ta tara ita ce mai maganar shaidar zur, kuma Loveth ta san da ita, Rahila ma ta sani.

Addu'ar buɗewa ta gajarce. Na daina roƙon wuta. Yanzu cewa kawai nake Ubangiji ka taimake mu, in yi shiru, yaran su yi ta jira ko akwai saura.

Kitson Malama Halima shuku ne, sabo, da ɗan furfura a goshi. Bai kamata in san haka ba. Shekara goma sha wani abu muna maƙwabtaka ban taɓa ganin kanta ba gyale ko hijabi ba, sai ranar da na fizge mata shi, a tsakiyar fili, malamai maza suna juya fuska, yara sun yi tsit. Ba ta zage ni ba. Hannu biyu ta ɗora a ka ta durƙusa.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Na ja waƙa. Murya ta fita lafiya, abin haushi.

Mai Bishara ya sake ambata ta a wa'azi, wai a yi koyi da uwar Loveth. Aka zo da Jibin Ubangiji, na bar faranti ya wuce ni. Hure ta raɗa min, "Lafiya?" Na ce azumi nake. Ƙarya a kan ƙarya, a cikin majami'a, da zanen zumunta a jikina.

Na yi niyyar tashi lokacin sanarwa. Har na dafa benci. Sai na gyara zama.

Laraba, 4 ga Yuni, da magariba

Shanu ba su zo ba. An yi wa kowa huɗar gyaɗa a layinmu, aka tsallake mu. Lazarus da garma yake yi, shi kaɗai, tafin hannunsa duk ya fashe. Ina shafa masa man kaɗanya na faɗa masa abin da Loveth ta ce.

Ya ce, "Na sani."

Ashe tun washegarin abin Malam Sabiru ya tare shi a iyakar gona. Tahira ta sha duka ta faɗi gaskiya. Na ce kana sane ka bar ni na tashi a gaban jama'a? Me ya hana ka faɗa min? Ya ce, "Dokas, ke ana faɗa miki magana?"

Na ci gaba da shafa man.

Asabar, 7 ga Yuni, da hantsi

Jiya aka yi Babbar Salla. Kowace shekara gidan Malama suna aiko mana da naman layya, mu kuma mu kai musu shinkafa da kaza ranar Kirsimeti. Bana na ce wa kaina an gama wannan.

Ɗazu sai ga sallama. Tahira ce, da kwano a ka, lalle a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Inna ta ce a gaishe ki. Ta ce a faɗa miki jarrabawa Asabar mai zuwa ce, a Kunci, kuma ba a cire sunan kowa ba."

Cinya ce guda, soyayya, ba tarkace ba. Da ma ta aiko min da zagi, da na san inda zan ajiye shi.

Loveth ta raka ta har bakin hanya. Na ga suna tafe ba sa magana, kafaɗa na gugar kafaɗa. Da ta dawo ba ta roƙe ni komai ba. Ta ɗauko littafin lissafin Rahila ta zauna a bayan rumbu.

Talata, 10 ga Yuni, da azahar

Kwanon yana kan randa. Na wanke shi har sau biyu.

Ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, kuma irin wannan ba a ba yaro ya kai. Baba Shago kullum sai ya wuce ya ƙwanƙwasa shi da sanda ya ce, "Baƙon nan bai tafi ba?"

Na yi rantsuwa a gaban bagade. In na tura ta, na karya. In ban tura ta ba, ta rasa shekara, wataƙila ta rasa gaba ɗaya, don na san yadda ake yi da 'yan mata a nan in suka zauna. Na tambayi Ubangiji wanne ne zunubin. Ina jin na san amsar tun kafin in durƙusa, jinkiri kawai nake nema.

Laraba, 11 ga Yuni, bayan la'asar

Na je. Na zuba ƙwan zabi a kwanon na nufi gidan Malama, na zaɓi lokacin makaranta don in tarar ba ta nan, in ba wa wani in gudo. Wannan ma in rubuta shi.

Tana nan. Tana tsakar gida tana tankaɗe, Tahira a gefe da littafi, a gida take mata bitar jarrabawa.

Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi Baba da jiki, ta tambayi shuka. Gaisuwa ta ƙare, na rasa ta inda zan kama. Na ce Malama, yau ba aiki? Ta ce, "Na ajiye. Malam ya ce matar da aka buɗe wa kai a gaban maza ba ta sake tsayawa a filin nan."

Ita kaɗai ce mace a cikin malaman. Shekara tara tana koyarwa.

Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa. Ni mai baki, abin da ya fito kawai shi ne ki yafe ni. Ta ce, "Tashi, Maman Loveth, kar yara su gani. Na yafe tun ranar, don in samu in yi salla da zuciya ɗaya. Abin da kika faɗa a cocinku ma ya iso nan." Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Da za ki zo ki tambaye ni, da tare za mu yi musu faɗa."

Ta ce motar makaranta za ta tashi daga bakin titi da sassafe. Har na kai zaure ta kira ni. "Rahila fa? Ban taɓa koyar da yarinya mai kan lissafi irin nata ba. Ki kawo su su biyu."

Juma'a, 13 ga Yuni, da magariba

Na je gidan Hure na faɗa mata komai, daga kwalbar har hijabin. Na ce ba wanda ya ɗura wa Loveth komai, ni na ƙara. Na ce ta bar Rahila ta bi mu gobe.

Ta riƙe hannuna tana kallona da tausayi. Ta ce, "Yaya Dokas, sun tsorata ki ne. Nama suka aiko miki, ko? Mun ji." Na ce wallahi gaskiya nake faɗa miki, ni da ba na faɗin wallahi. Ta ce, "Ranar da kika tsaya a gaban bagade Ruhu ne ya yi magana ta bakinki, duk mun ji a jikinmu. Yau tsoro ne yake magana." Mijinta ya leƙo daga ɗaki ya ce shi ma ya ɗaga hannu ranar, kuma shi ba ya sauke nasa.

Na nufi gidan Mai Bishara, aka ce ya tafi taro Ɗanbatta sai Lahadi.

Ƙaryata sun karɓe ta hannu biyu. Gaskiyar ce suka ce in je in yi addu'a a kanta.

Asabar, 14 ga Yuni, da azahar

Loveth ta tafi. Na raka ta bakin titi da kaina, muka bi ta gaban majami'a mata suna shara, tsintsiya ta tsaya a hannun kowa. Na gaishe su, biyu suka amsa. A bakin mota na dafa kanta na yi mata addu'a gajeriya, ta ce amin da ƙarfi. Tahira ta matsa mata wuri. Loveth ta leƙo ta taga tana duba hanyar gidan su Rahila har motar ta tashi.

Na dawo ta bayan gari don kar in sake bi ta gaban masu shara.

Ƙananan biyu ba su zo ba, kuma na san ba za su sake zuwa ba. Amma Rahila tana gindin darbejiya. Ta share wurin, ta shimfiɗa tabarma, ta goge allo. Yau Asabar, ba ma karatu ranar Asabar. Ta sa kayan makarantarta, an wanke an goge, har da safa.

Ta ce, "Inna ta ce in zo nan, nan ce makarantata." Ta dubi titi, ta dube ni. "Sun tafi?"

Na ce sun tafi.

Ta gyaɗa kai. Ta buɗe jaka ta fito da fensir biyu, sababbin fiƙewa, ta jera su a kan tabarma.

Baba Shago bai yi tsokana ba yau. Ya ɗauki kujerarsa ya koma bayan gida.

Jarrabawa sai baɗi. Ban san ko ubanta zai sauke hannunsa kafin baɗi ba. Na san dai aji huɗu na sakandare na tsaya, kuma yarinyar nan ta fi ni lissafi, kuma ba ta da wata malama a duniya yanzu sai ni.

Ta ce, "Mama Dokas, ba za mu yi addu'ar buɗewa ba?"

Na ce yau ke za ki yi mana. Ta rufe ido ta roƙa wa Loveth da Tahira sa'a, ta kira sunan kowa a ajinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sa nata ba.

Na ce amin, na ɗauki alli.